Zarton Injiniya da Keken Inna

Mijin yayata bai taɓa shiga ajin koyon injiniyanci ba, ko ta taga bai leƙa ba, amma duk layinmu Injiniya ake kiransa, don shi ya raɗa wa kansa sunan, ya dame mu da shi har muka gaji muka karɓa. Aikinsa na gaskiya sayar da labule da kafet ne a shagon wani. Abin da ya fi ƙauna a duniya kuwa, har da Yaya a cikin lissafin, wani ƙaton zarto ne mai inji, irin na sare itatuwa, da ya saya na hannu wajen wani mai barin gari. Shekara da shekaru zarton nan yana kan durowa a falo, an shimfiɗa masa tawul. Duk baƙon da ya shigo sai an gabatar masa da shi kafin a ba shi ruwa. Ko sandar tsintsiya bai taɓa yankawa da shi ba.

Ni ce autar gidanmu, kuma tela ce ni. Shagona ɗan ƙarami ne a bakin layi, abin da za a kira dukiya a cikinsa kuwa guda ɗaya ne: keken ɗinki baƙi, mai takawa da ƙafa, wanda Inna ta bar mini da ta rasu. Da shi ta ciyar da mu, da shi nake ciyar da yarana. Fentinsa ya goge daidai inda take dafa tafin hannunta, ni ma nan nake dafa nawa.

Sai ga iska ta zo mana da ruwa, irin wadda ke kwashe kwanon rufi kamar takarda. Da gari ya waye muka tarar ta tumɓuke tsohuwar bishiyar turaren da ke tsallaken hanya. Gangarta ta kwanta ta tare layin, saiwarta ta ɗago sama da ƙasarta duka ta tsaya kamar bango, ta bar rami mai faɗi a ƙarƙashinta, kan bishiyar kuma ya je ya jingina da rufin shagona. Kwanon bai ɓurma ba, amma iska na kaɗawa sai ka ji yana ƙara.

Mazan layi suka fito aikin sa kai, kowa da abin da ya samu, wani adda, wani gatari, wani igiya, wani kuwa baki kawai ya kawo. Ana cikin shawara sai ga Injiniya ya ɓullo, da hular kwano ta masu babur a kansa, da baƙin tabarau duk da babu rana, da safar hannun da Yaya ke wanke-wanke da ita. Ya saɓo zarton a kafaɗa, yana tafe yana karkacewa don nauyi. Bai ko gaisa da kowa ba ya ce a ajiye adduna, zamanin wahala ya wuce, kafin shayin da ya bari a gida ya huce zai mayar da bishiyar nan guntu-guntu. Ya naɗa kansa shugaban aiki nan take, babu wanda ya zaɓe shi, babu kuma wanda ya sami sararin hana shi.

Na tafi gida in ɗauko leda in rufe kayan mutane. Dawowar da zan yi na ga ƙofar shagona a buɗe, babu keke. Yaya ce ta ba shi makullin da nake ajiyewa a wurinta. Ya sa ƙarti sun ciccibi keken da teburinsa, sun tsallaka hanya, sun sauke shi a cikin ramin nan da ke ƙarƙashin saiwa. Na ce masa wa ya aike shi. Ya ce in yi shiru, Auta, ban san komai a harkar haɗari ba. Rufin nan zai iya ruftawa ko yanzu, wancan ramin kuwa ɗaki ne da Allah ya gina, ga bango ga rumfa, ko yayyafin da ake yi ba zai taɓa keken ba. Na ce to a kai mini shi shagon Gwaggo, dattijuwar da ke sayar da kayan masarufi kusa da ni. Ya ce za a kai, bari dai a gama da bishiya. Keken Inna ba abin da mace ɗaya za ta fitar daga rami ba ne, na gwada, ko motsi bai yi ba, sai na rufa masa ledar da na ɗauko.

Ƙartin sun so su taimake ni, sai dai a daidai lokacin Mai Walda ya iso, hankalin kowa ya koma can. Shi ma wani cika-bakin ne, tsakaninsa da Injiniya ba a ga maciji tun wata gardama da suka yi kan wanda ya fi iya gyara famfon layi, famfon da har yau ba ya kawo ruwa. Ya zo da nasa zarton, ɗan ƙarami ja mai amfani da lantarki, ya manta iska ta tsinke wayoyin unguwa. Da aka tuna masa sai ya ce da ma ya sani, ya koma ya turo janaretansa a cikin baro.

Injiniya ya cire tabarau ya ƙare wa jan zarton kallo.

“Wannan na aski ne, ko na yanka albasa?”

“Yana dai magana,” in ji Mai Walda. “Naka tun da ka saye shi ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Mun ɗauka bebe ne.”

Shi ke nan, aka manta da bishiya. Aka kwantar da zartunan biyu a kan gangarta gefe da gefe, maza suka yi da'ira. Aka auna tsawon harshen kowanne da taƙi. Aka ɗaga wannan aka ɗaga wancan don a ji nauyi. Injiniya ya ce nasa ƙarfin dawakai ne da shi masu yawa, ya faɗi wani adadi, da ya ga ba a yi mamaki ba ya ƙara. Mai Walda ya ce doki ɗaya mai tafiya ya fi masa garken da ke kwance a falo kan tawul. Injiniya ya ce nasa da fetur yake aiki kamar mota, ba a ɗaure yake da igiya kamar akuya ba. Wani ya ce ja ya fi kyau, wani ya ce ai kyau ba ya yanka itace, aka ɓalle da wata gardamar kan launi. Ni ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina cewa don Allah ku kama mini keke, kowa na ce mini yanzun nan, Tela, idonsa na kan zarto. Gwaggo ta fito da kujerarta ta zauna a ƙofar shago, ta ce ita dai ta rufe ciniki yau, kallo kyauta ba kullum ake samunsa ba.

Da surutu ya ƙare aka zo tayar da inji. Injiniya ya taka zarton da ƙafa ya fizgi igiya. Shiru. Ya sake fizga, ya sake, har hular kwanon ta juya ta rufe masa ido. Ya ce sanyi ne ya kama shi, manyan injuna haka suke. Ya ja da baya ya yi wata fizga da duk ƙarfinsa, gwiwar hannunsa ta sami mai gatari a haɓa, sai da mutumin ya zauna a taɓo. Yaya ce, daga bayan mutane, ta tambaya a hankali ko ya zuba mai. Ya ce mata maganar maza ake yi. Sannan ya juya baya ya buɗe tankin ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, ya ce wani ya sace masa fetur a falo.

Aka zuƙo masa daga babur ɗin wani. Wannan karon zarton ya tashi da wata ƙara da hayaƙi baƙi ƙirin, shi kansa Injiniya sai da ya yi tsalle baya ya kusa sakinsa. Da ya ga mutane sun dare, sai ya dake, ya ɗaga shi sama yana ba shi wuta don Mai Walda ya ji. Ya ɗora a kan gangar bishiya ya danna.

Ya danna, ya danna, gumi na zuba ta ƙarƙashin hular. Hayaƙi ya tashi, ƙaurin itace ya cika layi, amma ko ɓawon bai ratsa ba, sai wani baƙin layi kamar an ɗora dutsen guga an manta. Ya kashe inji ya shaida wa jama'a cewa wannan ba turare ba ce ta yau da kullum, irin mai ƙarfe a ciki ce, ya taɓa jin labarinta. Mai Walda ya sunkuya ya dubi sarƙar, ya miƙe da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya kira kowa da kowa ya zo ya gani: haƙoran sarƙar baya suke kallo. Ashe da ya ji iska jiya, Injiniya ya kwance sarƙar ya wanke ta da sabulu don ta yi ƙyalli a bainar jama'a, ya mayar da ita a juye. Ya ce da gangan ya yi, ana fara ɗumama itace ne kafin a yanka. Gwaggo ta ce in ɗumi ake so ta kawo bargo.

Aka juya sarƙa. Gaskiya ɗaya zan faɗa, da aka juya ta zarton ya ci itace. Ya nutse cikin gangar kamar wuƙa a sabulu, gari na feshi, yara da manya suka hau tafi. Tafin nan ne ya kashe shi. Ya saki maƙunnin ya waiwayo don ya ga su wa ke tafawa, ya ɗaga hannu ɗaya yana amsa gaisuwa. Bishiyar ta yi wani ɗan nishi ta zauna, tsagar ta haɗe, ta damƙe harshen zarton gam.

Ya ja, bai fito ba. Ya girgiza, ya zage shi, ya lallashe shi. Ya sa aka ɗaura igiya a mariƙin, maza suka jeru suna ja yana ba da umarni, igiyar ta tsinke suka zube kan juna cikin kwata. Ya aika gida aka kawo man girkin Yaya ya tuttule a tsagar, ya bi da ruwan sabulu, gangar ta yi santsi, zarton na nan inda yake. Duk wannan abin Mai Walda na can gefen shagona, an tura masa baro, yana datse rassa ɗaya bayan ɗaya. Duk reshen da ya faɗi sai ya ɗaga murya ya ce na yanka albasa ya sake yin ɗaya. Wayarsa gajera ce, kowane taku sai an matsar da baro, sau da yawa tana cirewa ya tsaya yana masifa, amma dai rassan na raguwa, kan bishiyar na ƙara sauƙi.

Na sake zuwa wurin Injiniya na ce, tunda aikin ya tsaya, ya ba ni mutum biyu su fitar mini da keke.

“Auta, zartona na cikin wani hali kina yi mini maganar keke?”

Wallahi da ba don idon Yaya ba da na gaya masa abin da zai kwana yana tunawa.

Dabara ta ƙare masa, saura guda: a yanke gangar gaba kaɗan da inda zarton ya maƙale, ko ta saki. Zarto mai aiki kuwa ɗaya ne a layin. Ya daɗe yana zagaye kafin ya tunkari Mai Walda, ya ce ba aro ya zo ba, so yake ya gwada abin wasan nan ya gaya wa jama'a aibinsa. Mai Walda ya ce ba ya ba da gwaji, aro yake bayarwa, shi ma sai an ce don Allah a gaban mutane. Suka tsaya ƙirji da ƙirji. Yaya ta gaji ta ce don Allah a madadinsa, Injiniya ya ce a shaida ba daga bakinsa ta fito ba. Mai Walda ya ce shi zai yanka da kansa, Injiniya ya ce ba wanda zai kusanci zartonsa da ƙarfe sai shi.

Ya hau gangar ya zauna mata kamar mai hawan jaki, bayansa na wajen saiwa, zartonsa da ya maƙale na gabansa, ya miƙa hannuwa ta samansa ya ɗora ɗan jan. Kafin ya kunna sai da ya yi jawabi, ya ce kowa ya buɗe ido ya ga bambancin mai riƙe zarto da mai iya zarto. Ɗan jan da ya raina ya shiga itace ba gardama. Yana yanka yana cewa ba shi da ƙarfi, yana yanka yana cewa ji yadda yake kuka, har muka ji ƙas.

Kan bishiyar ya zame daga rufina a hankali, ya sauka a hanya. Ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ga Injiniya yana tashi sama.

Nauyin kan ne da ma ya danne gangar a ƙasa. Da aka raba su, saiwar nan mai ɗauke da ƙasa ta rinjayi guntun da ya rage, ta koma raminta. Da farko a hankali gangar ta ɗago, har Injiniya na waige-waige yana tambayar wa ke ɗaga shi, sannan ta miƙe tsaye gaba ɗaya. Ɗan jan zarton ya tashi sama, wayarsa ta fizgi baro, janareta ya kife a taɓo. Saiwar ta rufe ramin kamar an kifa murfin tukunya, ƙasa ta girgiza. A cikin wannan ƙarar ni na ji wata ƙarama, ta ƙarfe, na kuma san ta mene ce.

Da ƙura ta lafa, ga bishiya tsaye a inda take tun muna yara, sai dai babu kai. Can sama, tsayin da ya wuce rufin kowa a layin, ga Injiniya ya rungume gangar mai santsin man girki, ya yi ta fafutuka har ya ɗare kan mariƙin zartonsa da ke tsire a jikinta ya zauna. Amfanin farko ke nan da zarton ya yi wa wani tun da aka saye shi. Layi ya kece da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Mai Walda na son ya yi dariya yana son ya yi kukan janaretansa, ya rasa wanda zai fara.

Ni ban yi dariya ba. Na je gindin bishiyar na durƙusa ina tonon ƙasa da hannu. Abin da ya leƙo waje ɗan gefen ledar da na rufa masa ne kawai. Gwaggo ce ta fara gani ta tashi daga kujerarta, dariyar ta yi ta mutuwa daga gaba zuwa baya har layin ya yi tsit. Yaya ta dubi shagona da ke tsaye lafiya lau, da ƙofarsa a buɗe, da wurin da keken yake tun da safe, ta ɗora hannu a ka.

A cikin wannan shirun muryarsa ta sauko daga sama. Ya ce jama'a su lura, abin da ya shirya ke nan tun farko: ya buɗe hanya, ya ceci shago, ya kuma sake dasa bishiya, a nuna masa mai ɗan jan zarton da zai iya haka. Sannan ya ce a kawo tsani.

Tsanin da zai kai can ɗaya ne, na Gwaggo, yana jingine bayan shagonta. Ta ce ta ba ni aronsa tun jiya, sai a tambaye ni. Na ɗauko shi na kwantar a ƙofar shagona na zauna a kai. Babu wanda ya ce mini in tashi. Hadari ya washe, rana ta fito ta sami hular kwano. Ya yi umarni, ya yi barazana, ya dawo yana kirana ƙanwata ta kaina. Ya kira Yaya da sunan da yake kiranta a ɗaka, mutane suka sunkuyar da kai. Ta matso gindin bishiyar ta ɗaga kai.

“Keken uwata ne a ƙarƙashinka. Za ka sauko ka tono shi da hannunka, zarton nan kuma ya bar gidana, a kai shi kasuwa a musanya wa Auta da keke. In ba ka yarda ba, ka ga wurin zama nan ka samu.”

Ya ce a bar zarto a cikin maganar, a ɗauki talabijin. Ta juya za ta tafi. Ya yarda.

Kwana da kwanaki yana tono ta gefen saiwa, da diga da shebur, mazan layi na zaune a inuwa suna gardama kan wane shebur ya fi, suna miƙa masa ɗaya bayan ɗaya ya gwada. Da keken ya fito, wuyansa ya karye, ƙafarsa ta ƙarfe ta dagargaje, teburin ya zama itacen wuta. Na yi kuka a gaban kowa, ban ɓoye ba. Injiniya ya share gumi ya duba tarkacen, ya fara cewa da ma irin wannan ƙirar ba ta da ƙwari, Yaya ta kalle shi sau ɗaya ya haɗiye sauran. Na ɗauki ɓangaren da fentinsa ya goge na kai gida.

Sai da aka fasa gangar da gatari aka ciro zarton, aka tafi da shi. Keken da aka kawo mini fari ne, yana ɗinki ba laifi, amma har yau in na miƙa hannu sai ya sauka inda babu gurbinsa. Tawul ɗin na nan a kan durowar falonsu, Yaya ta ɗora masa tukunyar fure.

Shi kuwa duk yamma in ya taso daga shagon labule sai ya tsaya a ƙofata da duk wanda ya samu a hanya, ya nuna keken, ya ce a dube shi da kyau, duk garin nan babu tela mai irinsa, domin zartonsa ne ya rikiɗa ya zama shi. Jiya na ji yana gaya wa wani yawan dawakan da ke cikinsa. Na ajiye almakashi na tambaye shi ko yana so in aiko wa Gwaggo ta ɓoye tsani. Ya ce sauri yake yi, Yaya na jiransa.